Aikin malamin dabarun karatu ya wuce gyaran nahawu

Mutane da yawa suna ɗauka cewa malamin jami'a da ke koyar da dabarun karatu da rubutu, yake kuma ba ɗalibai shawara, aikinsa bai wuce gyara nahawu da tallafa wa waɗanda suka gaza ba. Wannan fahimta kuskure ce.

Abin da yake koyarwa shi ne yadda ake tsara tunani a rubuce. Ɗalibi zai kawo masa maƙala mai shafi biyar wadda babu kuskuren harafi ko ɗaya a cikinta, amma idan ya tambaye shi wace hujja yake son kafawa, sai ya yi shiru, domin maganganun masana kawai ya tara, bai ɗauki matsaya ba. Daga nan aikin yake farawa: rarrabe ra'ayi da hujja, tantance binciken wasu kafin a dogara da shi, da ambaton tushen kowace magana don kauce wa satar rubutu. Masu neman digirin digirgir ma suna zuwa wurinsa, kuma a ganina su ne suka fi amfana.

Ba da shawara kuwa sana'a ce mai ƙa'idojinta. A Amurka an kafa ƙungiyar masu wannan aiki, NACADA, tun 1979. Mai ba da shawara ba ya zaɓa wa ɗalibi kwas. Yana bayyana masa sharuɗɗan kammala digiri da abin da kowane zaɓi zai jawo, sannan ya tura shi wurin ƙwararru idan matsalar ta shafi lafiyarsa.