Ka Karɓi Yaro Amana, Sannan Ka Daina Ɗaga Wayarsa?

Shekaranjiya da yamma, a ɗakin da muke haɗuwa da ɗaliban da muke taya neman gurbin jami'a, na hango wani yaro a kujerar ƙarshe ya rungume jakar takardunsa. Kowane ɗalibi na zaune da jagoransa, ana ta cike-cike, shi kuwa shi kaɗai. Na matsa na ce, "Ƙanena, ina yayan naka?" Bai ce uffan ba, sai ya miƙo mini wayarsa. Saƙo goma sha ɗaya na ƙirga a jere. "Yaya ina wuni, don Allah akwai wurin da ban gane ba." "Yaya saura kwana biyar a rufe." Na ƙarshen shi ya tsaya mini a rai: "Yaya ko na yi maka laifi ne?" Duk an buɗe, an karanta, ba a amsa ko ɗaya ba. Wa'adin neman tallafin karatun ya wuce tun makon jiya, kuma abin da ya hana shi turawa takarda ɗaya ce tak, shaidar abin da iyayensa ke samu. Bai san inda ake karɓarta ba, mahaifinsa ma bai sani ba, wanda ya sani kuma ya yi ɓatan dabo.

Wannan yayan da ya ɓace, ni na san ranar da ya zo. Shi ne ya fi kowa zaƙewa ranar buɗe shiri. Ya dafa kafaɗar yaron aka ɗauke su hoto, kafin dare hoton ya hau Facebook da dogon rubutu a kan yadda zuciyarsa ke tare da 'ya'yan talakawa. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Ya karɓi albarkar, ya bar aikin. To ai wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

'Yan'uwana samari da 'yan mata masu shiga wannan aikin sa-kai, da ku nake, kuma da zuciya ɗaya nake magana. Babu wanda ya tilasta muku. Da ba ku zo ba, da mun san yaron nan ba shi da kowa, mu nema masa wani tun da wuri. Amma kun zo, kun rubuta suna, an cire shi daga jerin masu jira saboda ku. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yaron da ba a ba shi jagora ba yakan buga-buga, ya tambayi malami, ya tambayi maƙwabci. Wanda aka ce masa "ga yayanka" kuwa zama yake yi yana jira, domin ya yarda. Yardar tasa ce ta cuce shi.

Kada wani ya ce ina kambama ƙaramin abu. A shekarar 2002, Jean Grossman da Jean Rhodes sun fitar da binciken da suka yi a kan yara sama da dubu ɗaya na Big Brothers Big Sisters, wani shirin haɗa yara da jagorori 'yan sa-kai a Amurka. Yaran da alaƙarsu da jagora ta kai shekara ko fiye su ne suka fi amfana. Waɗanda kuwa aka yanke musu alaƙa kafin wata uku, ba wai sun koma inda suke ba ne kawai, baya suka ci: ganin darajar kansu ya ragu, yardarsu da cewa za su iya karatu ita ma ta ragu. Wato wanda ya zo ya tafi da wuri ya bar yaro ƙasa da inda ya same shi. Ba sai na karanta wannan ba ma, na gani a saƙon nan na "ko na yi maka laifi ne." Yaro ba ya cewa yayana ba shi da alƙawari. Cewa yake yi, ni ne ban isa a kula ni ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne aikin ba wani dutse ba ne. A 2008 an yi wani gwaji a jihohin Ohayo da Karolina ta Arewa a Amurka, inda ma'aikatan kamfanin lissafin haraji na H&R Block suka riƙa taya iyalai masu ƙaramin ƙarfi cike fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati bayan sun gama musu lissafin haraji. 'Yan mintoci ne aikin. Cikin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da aka taimaka wa iyayensu, waɗanda suka kammala shekara biyu a jami'a sun kai kashi 36 cikin ɗari, alhali na waɗanda ba a taimaka wa ba kashi 28 ne. Akwai kuma rukunin da aka ba su bayani kawai, ba a zauna an cike da su ba. Su kam kusan babu abin da ya sauya. Ku ji wannan da kyau, ku masu tura wa yaro adireshin shafin intanet da tsakar dare ku ce kun yi jagoranci. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ɗan da iyayensa suka yi jami'a yana da mai zama kusa da shi a gida, mai ce masa wannan layin ba haka ake cike shi ba, wannan kuɗin fom ana iya roƙon a yafe shi, wannan malamin a tunatar da shi wasiƙar shaida tun saura wata guda. Ɗan talaka wannan kujerar ta kusa da shi ce babu kowa a kanta, ita kuka ce za ku zauna a kai.

Ba kuma ƙwaƙwalwa ce yaran nan suka rasa ba. Caroline Hoxby ta Jami'ar Stanford da Christopher Avery na Jami'ar Harvard sun nuna a 2012 cewa mafi yawan haziƙan 'ya'yan talakawa a Amurka ko neman shiga manyan jami'o'i ba sa yi, duk da cewa da sun shiga, tallafin da ake bayarwa a can kan sa kuɗin da za su biya ya gaza na ƙananan makarantun da suke zaɓa. Rashin sani ya fi dare duhu. Mai fitila ne ya yi alƙawarin raka su, ya kai su tsakiyar daji ya juya.

Tun da maganar ta zo, bari in taɓa wasu. Akwai mai zuwa yana tsince: a ba shi yaron da ya fi kowa maki, wanda ko babu shi zai samu gurbi, don gobe ya ce ɗalibina ne. Akwai wanda ba ya iya zama ya saurari yaro ya faɗi labarinsa da bakinsa, sai ya karɓe rubutun bayanin kai ya rubuta masa, ko ya sa na'ura ta zubo masa, yaro ya tura abin da ko karanta shi da kyau ba zai iya ba. Ka koya masa ƙarya a ƙofar ilimi, me kake so ya yi in ya shiga ciki? Akwai mai baza sirrin gidan yaro, ya rubuta wa duniya cewa uban wane ba ya iya biyan kaza, don a ce shi mai tausayi ne. Talauci ba ya cire wa mutum mutunci. Duk waɗannan suna ɓata mini rai, amma aƙalla suna nan, ana iya kama su a yi musu gyara. Wanda ya kashe waya fa, ta ina za a gyara shi?

Wani kuma yana nan har takardar samun gurbi ta fito, ya yi sanarwa, sannan ya sulale. Bai san nan ne wata gaɓar mai haɗari ba. Benjamin Castleman da Lindsay Page sun bi diddigin ɗaliban da suka gama sakandare da niyyar wucewa jami'a, suka tarar a wasu yankunan talakawa a Amurka kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa bayyana ranar da aka buɗe makaranta. Kuɗin kama gurbi, fom ɗin ɗakin kwana, wasiƙar da ta shigo imel ba a gane ta ba, makarantar sakandare kuma ta rufe babu malamin tambaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na san uzurin: aiki ya yi yawa, jarrabawa ta matso, rayuwa ta yi zafi. Gaskiya ne, kowa na da nasa. Amma layi ɗaya fa? "Ƙanena, ba zan samu dama ba, ga wanda zai ci gaba da kai." Wannan ma ya gagara? Mun haddace alamomin munafuki uku tun muna ƙanana, biyu daga ciki saɓa alƙawari ne da cin amana. Allah kuma Ya ce a cika alƙawari, domin alƙawari abin tambaya ne. Ban ga inda aka ce ban da alƙawarin da aka yi wa ɗan talaka ba. Ku ji tsoron Allah, ku gyara. Ku auna ƙarfinku kafin ku ɗauki kaya.

Wallahi da ba haka ake ba. Malamin da ya taya ni cike nawa fom ɗin, Allah Ya jiƙansa, babu hotonmu tare ko ɗaya. Da fensir ya sa na fara cikewa, ya duba, ya goge, ya sa na sake, sau uku, sannan ya ba ni biro. Da na yi kwana biyu ban zo ba, shi ya biyo ni. Bai taɓa kiran abin da yake yi da wani suna ba, bai sa shi a takardar neman aiki ba. Mutanen wancan lokaci in sun ce "bar mini shi," to ka bar musu, magana ta ƙare. Kunya ma kaɗai ta isa ta hana mutum haɗa ido da yaron da ya yasar. Yau mutum zai karanta saƙo goma sha ɗaya, ya wuce, ya sa sabon hoto. Ina kunyar ta tafi? Wa ya raine mu haka?

Mun zauna da yaron har aka kusa rufe ɗakin. Mun samo wani tallafin da wa'adinsa bai wuce ba, bai kai na farkon ba, na rubuta masa inda zai karɓo takardar da ranar da zai kawo mini ita. Da zai tafi ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya ce a hankali, "Don Allah kada a faɗa wa Yaya na nuna saƙonnin, kada ya ji haushina."