Hitar Fijo ba kayan gwangwan ba ce

Masu turo min saƙo tun jiya cewa na cika zafin kai a kan motar marigayi Baba, na ji, na gode. Amma ina nan a kan bakana. Bakaniken da ya zare hita daga ƙarƙashin dashbod ɗin Fijo 504 ya miƙa wa ɗan gwangwan, ɓarna ya yi, ko da kuwa ya shekara 30 yana riƙe da sifana.

Me na kai masa? Kafet ɗin gefen mai zaman banza yana jiƙewa, ruwan lagireto yana raguwa. Ɗigo ne kawai. Na dawo bayan La'asar na tarar da kogo a inda akwatin hitar yake, wayoyi na reto, tiyo biyun nan da ke shiga ciki daga wajen inji an haɗe bakinsu da guntun bututu. Da na yi magana sai ya yi dariya, wai "Alhaji, mi za ka yi da hita a Katsina? Ai garin da kanshi hita ne."

Masha Allah, mun samu masanin yanayi. Ya san zafin Afrilu, ya manta da Janairu. Ya tashi bayan Asuba a tsakiyar hunturu ya kama hanyar Daura ta Mashi, yatsu sun ƙage a kan sitiyari, numfashin mutum biyar ya rufe gilashin gaba, sannan ya dawo ya faɗa min amfanin hita. Iskar ɗumin nan ita ke share gilashin. In babu ita sai dai ka tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan na goge-goge da hula.

Kuma abin fa ba wani asiri ba ne. Ƙaramin lagireto ne a cikin akwati, ruwan zafi daga inji ya ratsa shi, fanka ta huro iskar cikin mota. In ya huje, ga yadda mai tsoron Allah ke yi: ya cire kan batir, ya tsiyaye ruwa, ya kwance tiyo biyun, ya saki wayoyin da ke buɗe ƙofofin iska, ya sauko da akwatin a hankali don robar da ta sha ranar sama da shekara 40 ba ta jure fizga. Sai a kai wa masu gyaran lagireto su liƙe da dalma, a mayar. Aikin wuni guda ne a kwance rigingine, kai a ƙarƙashin sitiyari. Wannan kwanciyar ce ba ya so, shi ya sa ya fake da zafin Katsina.

Wani ya ce min ai kowa haka yake yi. Kowa ɗin ne ya sa yau sai ka zagaye gari ba ka ga 504 guda da kayanta suke cikakku ba. Wani kuma wai haɗe tiyon ba ya cutar da inji. Na sani. Da haɗewar kawai ya yi ya bar min akwatina a wurinsa, da ba ku ji bakina ba. Tsofaffin direbobi ma kan kunna hita in mota ta fara zafi a hanya, don ta rage wa inji kafin a samu wurin tsayawa. Yanzu wannan dabarar ma ya raba ni da ita.

Motar nan a Faransa aka fara fitar da irinta a 1968, tamu kuwa a Kaduna aka harhaɗa ta, inda PAN, kamfanin harhaɗa Fijo na Najeriya, ta fara aiki a 1975. Ina zan samo sabon akwati yau? Wallahi ba kuɗin ne ke cina ba. Baba ya kan kunna hitar in zai kai mu makaranta da sanyin safiya, mu yi ta rububin miƙa ƙafa wajen da ɗumin ke fitowa.