Samari, Ku Daina Yi wa Gawa Dariya

Jiya da daddare a teburin mai shayi na tarar da samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon Hitler yana kumfar baki, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ɗayansu har da cewa, "Wannan shi ne namijin duniya." Wallahi nan take shayin ya fita raina.

Ƙannena, kun san wanda kuke yi wa kirari kuwa? Ga mutum ɗaya tak cikin waɗanda ya hallaka. Felix Nussbaum, Bayahude, haifaffen Osnabrück ta Jamus a 1904, sana'arsa zane. Yana karatu a Italiya Hitler ya hau mulki a 1933, gida ya gagare shi. Ya fake a Beljiyam, a 1940 aka kama shi aka tura sansanin Saint-Cyprien a Faransa. Ya tsere, ya komo Brussels ya ɓuya tare da matarsa Felka. A maɓoyar nan ya zana kansa a 1943: dogon bango a bayansa, rawayar tauraruwa, alamar da aka tilasta wa Yahudawa sawa, ɗinke a rigarsa, yana ɗaga katin shaida mai tambarin "Bayahude", idanun nan kamar ɓeran da aka ritsa. A Yunin 1944 aka tsegunta maɓoyarsu, ranar 31 ga Yuli aka cusa su jirgin ƙasa zuwa Auschwitz, sansanin da gwamnatin Hitler ke yi wa Yahudawa kisan gilla. Can aka kashe shi, can aka kashe uwarsa da ubansa. Wannan kuke wa dariya?

Kada wani ya ce min haushin Gaza ne. Ni ma zuciyata tafasa take. Amma mutumin nan an kashe shi tun kafin a kafa Isra'ila a 1948, laifin wa kuka ɗora masa? Kuma sojojin gwanin naku, a 1940, ware baƙaƙen fata suka yi daga fursunonin rundunar Faransa suka bindige. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku kuwa tafi kuke yi! Ba karatu, ba sana'a, sai cacar ƙwallo da ashar a bainar jama'a, yanzu kuma an ƙara da yabon azzalumi. Baki shi ke yanka wuya, ku yi wa kanku faɗa.

An wuce da gawar Bayahude, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne, ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" Iyayenmu a kan haka suka tashi. Muna yara, in an wuce da makara a unguwarmu, ko ta waye, hira tsayawa take cak, har mai shayi ya kashe rediyo.