Wanda ya kira shinge tsoro, ya fara haɗa lamba biyu tukuna

An ce wani ya zauna gun mai shayi a Ƙofar Ƙaura jiya yana ba yara labari, wai masu cika bincike kafin kanel (zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) ya haɗa gutsattsarin fakiti (ƙunshin bayanan da ake aikawa ta intanet) matsorata ne, suna rage wa na'ura gudu. To madalla. Mu Katsinawa dai an san mu, kunya gare mu, ba tsoro ba. Kunyar ce ta hana a kama suna.

Bari in karanta wa yaran, tunda malaminsu bai kai wannan shafin ba. Fakitin bayit 4,000 zai bi waya mai ɗaukar 1,500. An cire kai na bayit 20, saura 3,980, sai a yanka uku: 1,480, 1,480, da 1,020. Kowane gutsure yana ɗauke da lambar mazauninsa a cikin fakitin, kuma takwas-takwas ake ƙirga ta, wato 0, 185, 370. Gurbin lambar bit 13 ne, ƙarshenta 8,191. Ninka da takwas, 65,528. Fakitin IPv4, tsohuwar ƙa'idar aika saƙo ta intanet, kuwa ba ya wuce bayit 65,535. Idan maƙiyi ya aiko gutsure a wannan mazaunin da bayit ɗari a ciki, ina za ka zuba ragowar? A ma'adanar maƙwabci, wato wurin da aka ware wa wasu bayanan a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Abin da harin Ping of Death ya yi wa kwamfutoci ke nan a 1996. Mazauni a tara da tsawo, a gwada da 65,535 kafin a kwafi ko bayit ɗaya. Haɗa lamba biyu ne fa, Malam. Ɗan aji uku na yi.

Sai harin Teardrop a 1997, gutsure na biyu ya faɗa cikin na farko ya ƙare tun kafin na farkon ya ƙare. Kanel ya zo datse abin da ya hau kan juna, tsawo ya fita ƙasa da sifili, memcpy, manhajar da ke kwafar bayanai, kuma ba ta san ƙasa da sifili ba, sai ta ɗauka dutse aka ce ta kwaso. Windows 95, NT da tsohon Linux duk sun kwanta. Daga baya RFC 5722, ɗaya daga takardun ƙa'idojin intanet, a 2009 ta yanke wa IPv6, sabuwar ƙa'idar, hukunci: gutsattsari suka hau juna, a zubar da fakitin baki ɗaya, babu sulhu. Shi kuwa gwanin namu wai "a ɗauki na baya". Shingen wuta (firewall, mai gadin kwamfuta) ya karanta na farko ya ce shiga, kanel ya haɗa da na baya, ka ga an shigo maka da abin da mai gadi bai gani ba. Tun 1995 RFC 1858 ta yi gargaɗin nan, har da ɗan mitsitsin gutsuren da ke raba kan TCP (bayanan da mai gadi ke dubawa) biyu.

Kuma wallahi abin da ya fi ƙona mani rai, layin jira babu agogo! Mutum ya aiko gutsattsari dubbai ya riƙe na ƙarshe, kai kana zaune kana tara masa har ma'adana ta cika. Linux na jira daƙiƙa 30 ta zubar, IPv6 ta ce 60, kuma akwai rufin megabayit 4 a saitin da ake kira ipfrag_high_thresh. A 2018 harin FragmentSmack ya nuna ko rufin bai isa ba, idan kowane sabon gutsure sai an bi dogon jeri ɗaya bayan ɗaya ana nema masa wuri. Sai da aka koma bishiyar ja-da-baƙi, wani tsarin jera bayanai mai saurin nema. Ni na ƙirƙiro waɗannan? Ni na ce duk gutsuren da ba na ƙarshe ba tsawonsa ya rabu da takwas? Don na ce gwanin namu ya gyara kanel ɗinsa ne na zama mai hassada? Hassadar me, kanel ɗin da ke mutuwa da fakiti biyu?

Ba komai. Gudun da ake mana gori da shi, a ci gaba da yi. Kifin rijiya ma gani yake ya gama zaga duniya. In an gama shayin dai, a ari biro gun mai shagon, a rubuta 65,528 a bayan kwalin siga, a ƙara ɗari, a aiko mana da amsa.