Ɗalibin da ya bugu a kai a filin ƙwallon kwando kada ya koma wasa a ranar

A ƙarshen watan Afrilun 2022, a wasan da Philadelphia ta fitar da Toronto daga gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, gwiwar hannun Pascal Siakam na Toronto ta sami Joel Embiid na Philadelphia a fuska ana saura mintoci kaɗan a tashi. Dukansu biyu 'ya'yan Kamaru ne, ɗaya haifaffen Duwala, ɗaya na Yawunde, kuma hotunansu ne ke cike da wayoyin samarinmu masu wasan ƙwallon kwando a Garwa da Marwa da Ngaundere. Likitoci sun gano cewa ƙashin da ke kewaye da idon Embiid ya tsage, ƙwaƙwalwarsa kuma ta jijjiga, sai aka zaunar da shi a wasanni biyu na farko da Miami, ƙungiyarsa ta sha kashi a duka biyun, amma ba a dawo da shi ba sai da likitoci suka yarda. Idan ƙungiyar da ke biyan ɗan wasa miliyoyin daloli za ta iya haƙura da shi a lokacin da ta fi bukatarsa, ban ga hujjar da makarantar sakandare za ta kafa ta mayar da yaro ɗan shekara 15 fili bayan kansa ya daki siminti ba.

Filayenmu na siminti ne, a fili suke ƙarƙashin rana, kuma da yawa ƙarfen da ke riƙe da kwandon a tsirara yake dab da layi. Yaro zai yi tsalle ya cafe ƙwallon da ta dawo daga allo, wani ya shige ƙarƙashinsa, ya faɗo ta baya ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: a fasa ledar ruwa a kansa, abokai su kama hannunsa su miƙar da shi, wani daga gefe ya ce masa ya tashi ai shi namiji ne. Muddin bai suma ba kuma ba a ga jini ba, an ɗauka babu komai. Wannan shi ne kuskuren farko, domin mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke jijjiga ba sa suma. Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi da ke cikin ruwa a ƙoƙon kai, idan kai ya tsaya ko ya juya farat ɗaya sai ta girgiza, aikinta ya rikice ko da babu abin da ya fashe. Shi ya sa hoton sikana yakan fito lafiya ƙalau alhali yaron ba lafiya yake ba.

Alamun ba sa bukatar na'ura. Yaron yakan daɗe bai tashi ba, ko ya tashi yana tangaɗi, ko ya dafe kai, ko ya zura ido kamar bai san inda yake ba, wani ma ya ruga da ƙwallo zuwa kwandon ƙungiyarsa. Idan aka tambaye shi wace makaranta ake karawa da ita, ko wa ya jefa ƙwallon ƙarshe, sai ya yi shiru ko ya ba da amsar da ba ita ba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ƙin haske na iya zuwa nan take, suna kuma iya jinkirtawa har dare ko washegari. A nan arewacin Kamaru muna da wata matsala tamu, wato zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, duk wani jiri ana ɗora wa rana laifinsa. Rana na sa jiri, gaskiya ne, amma jirin da ya biyo bayan buguwar kai dole a ɗauke shi na buguwar ne har sai ma'aikacin lafiya ya ce ba haka ba.

Dalilin tsanantawa shi ne ƙwaƙwalwar da ta jijjiga ba ta iya jure bugu na biyu kafin ta warke, kuma matasa sun fi manya shiga wannan haɗari. A shekarar 2006, a jihar Washington ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugu a kai a wasan ƙwallon Amurka na makaranta, aka mayar da shi fili, daga baya ya yanke jiki ya faɗi jini na zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya rayu amma da nakasa mai tsanani. A 2009 jihar ta kafa doka da sunansa, wadda ta ce a wayar da kan masu horarwa da iyaye, a fitar da duk yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga, kuma kada ya dawo sai da takardar ƙwararren ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 dukkan jihohin ƙasar 50 sun yi irin wannan doka. Binciken da aka yi a makarantun can ya kuma nuna cewa a ƙwallon kwando 'yan mata sun fi samari samun wannan rauni, abin da ya kamata masu kula da ƙungiyoyin 'yan matanmu su riƙe.

Ra'ayina shi ne a cire wannan hukunci daga hannun mai horarwa da ɗan wasa. Malamin wasanni mutum ne, yana son makarantarsa ta kai matakin ƙasa a gasar wasannin makarantu ta FENASSCO, kuma sau da yawa wanda ya faɗi shi ne gwarzonsa. Yaron kuwa zai rantse cewa garau yake, domin yana tsoron a ba wani gurbinsa, ga shi kuma abin da zai yi amfani da shi ya auna lafiyarsa shi ne ya bugu. Alƙalin wasa ne kaɗai ba shi da riba ko asara a sakamakon, saboda haka a rubuta cikin ƙa'idar gasar makarantu cewa da zarar ya ga ɗaya daga cikin alamun nan zai fitar da ɗan wasan, kuma ba za a mayar da shi a ranar ba ko da ya ce ya warware.

Za a ce ba mu da likita a bakin fili kamar Amurkawa. Haka ne, amma fitar da yaro ba aikin likita ba ne. Bayan taron ƙwararru da aka yi a Amsterdam a 2022, an fitar da wata gajeriyar takardar gane alamun jijjigar ƙwaƙwalwa mai suna CRT6 musamman domin waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba, kuma malami na iya ajiye ta a wayarsa. Abin da ke bukatar asibiti nan take sananne ne: suma, amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga irin ta farfaɗiya, ganin abu biyu-biyu, ciwon wuya, rashin ƙarfi ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko yaro ya riƙa nutsewa cikin barcin da ake wahalar tashinsa. Wanda ke kukan wuya kada a ɗaga shi a ɗora a babur. A kuma tuna cewa bugu a gefen kai, saitin kunne zuwa ido, na iya tsinka jijiyar jini, yaro ya yi hira da dariya na 'yan sa'o'i sannan ya faɗi, don haka ba a barinsa shi kaɗai a ranar, kuma dole a sanar da iyayensa baki da baki. Idan za a ba shi maganin ciwon kai a ba shi farasitamol, a guji asfirin saboda yana ƙara zubar jini.

Dawowa ma da tsarinta. Ana hutawa kwana ɗaya zuwa biyu tare da rage kallon waya, sai tafiya a hankali, sai gudu, sai atisaye shi kaɗai da ƙwallo, sai atisaye da abokai ba tare da gogayya ba, kafin cikakken atisaye da wasa, kowane mataki aƙalla sa'o'i 24, idan ciwon ya tsananta a dakata. Aji yana gaba da fili. Ɗalibin da ba ya iya zama darasi ba tare da ciwon kai ba bai kai ga wasa ba, kuma wanda ke shirin jarrabawar BEPC ko Bak yana bukatar malamansa su sassauta masa na ɗan lokaci maimakon su kira shi malalaci. Mafi yawan yara suna warkewa cikin makonni huɗu.

Wurin da tsarin zai fi wahala shi ne takardar dawowa, domin ba kowace makaranta ke kusa da likita ba, musamman a wajen manyan garuruwa. A can sai a amince da sa hannun ma'aikacin jinya na cibiyar lafiya mafi kusa, a kuma ɗora kuɗin ganinsa a asusun wasanni na makaranta, don kada uban da ba shi da hali ya bar ɗansa ya koma fili a ɓoye.