Wai sai 1988 zari-ruga ta zo Newcastle ta Ostiraliya? Haba malam!

Tun jiya abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kun dai ga abin da wani bawan Allah ya rubuta a ƙasan hoton da na ɗora daga filin Cessnock, wani gari kusa da Newcastle: wai me ya kai ni kallon "wasan unguwa", wai ai Newcastle ba ta san zari-ruga ba sai da ƙungiyar Newcastle Knights ta shiga babbar gasa a 1988. Sannu malamin tarihi, Allah ya ƙara basira.

A 1910 aka fara gasar zari-ruga ta yankin Newcastle. 1910! Ko Kudu da Arewa ba a haɗe ba a Najeriya. Kafin nan ma, a 1908, shekarar da aka fara zari-rugar 'yan sha uku-sha uku a Ostiraliya, Newcastle na cikin ƙungiyoyin da suka buɗe gasar Sydney. Kakar wasa biyu suka yi suna jigilar kilomita wajen 160, sannan suka tattara nasu ya nasu suka dawo gida, suka kafa tasu da ƙungiyoyi huɗu: Central, North, South da West. Shekara 78 ke nan kafin Knights su taka fili. In Knights jika ne, wannan gasar kakarsa ce, kai kuma ka zo kana cewa jika ne ya haifi kaka.

Na san abin da za ku ce, wai ai ba a cika nuna ta a talabijin ba. To sai me? Talabijin ce ke raba tarihi? Wally Prigg ya riƙe kyaftin ɗin Ostiraliya a rangadin Ingila na 1937 zuwa 1938, kuma bai taɓa buga wa wata ƙungiyar Sydney ba, a Newcastle ya yi wasansa har ya ajiye takalmi. Clive Churchill, wanda har yau lambar gwarzon wasan ƙarshe na NRL, babbar gasar Ostiraliya, sunansa take ɗauke da shi, daga Central ya fito kafin South Sydney su ɗauke shi a 1947. John Sattler da ya ƙarasa wasan ƙarshe na 1970 da karyayyen muƙamuƙi, a Kurri Kurri da ke yankin nan ya koyi taurin kan. Andrew Johns da kuke ta kuranta wa, ɗan Cessnock ne, wato filin nan da ka kira na unguwa. Sydney ta daɗe tana zuwa da jakar kuɗi tana kwashe yaran da wasu suka raina, sai a wayi gari ana cewa nata ne.

Wani kuma ya ce ai 'yan wasan ba ƙwararru ba ne, da rana aikinsu suke zuwa. E, haka ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Bari in ajiye gatse in faɗi gaskiya. Gasar nan ta masu haƙar kwal ce da ma'aikatan ƙarfe, mutanen da ke fitowa daga rami da baƙin ƙura a fuska, ranar hutu su sa riga su tare wa garinsu faɗa. A 1997 kamfanin BHP ya sanar zai rufe masana'antar ƙarfen Newcastle, mutane na cikin zullumi, sai ga Knights sun doke Manly 22 da 16 a wasan ƙarshe na babbar gasa, ana saura daƙiƙoƙi a tashi. Kana tsammanin murnar da garin ya yi ranar, murnar ƙungiya mai shekara goma ce? Tun 1910 ake tara ta. Je filin Kurri Kurri ko Maitland ka ga tsoho da jikansa jingine da shinge, yana nuna masa inda shi ma ya taɓa tsayawa, sannan ka dawo mu yi maganar 1988.

Af, kuma don Allah 'yan gida, ku daina tambayata ko ina zuwa kallon Newcastle United. Waccan ta Ingila ce, tsakaninmu tafiyar yini guda ce cur a jirgin sama. Kawuna har yau cewa yake in na haɗu da Shola Ameobi in gaishe shi, wai tunda a Zariya aka haife shi ai ɗan gida ne. Na yi bayani har na gaji, yanzu "to Kawu, zai ji" kawai nake cewa.