A bar tsofaffin nan su yi shiriritarsu

Wato shi wanda ya kira shirin barkwancin nan na talabijin ɗin Ingila, Last of the Summer Wine, "wasan 'yan fansho, ba labari ba komai" gani yake ya faɗi magana. To madalla ɗan samari, Allah ya ƙara basira. Ka kalli minti biyu na wani tsoho a cikin bahon wanka yana gangarowa daga kan tudu, abokansa na binsa da gudu, shi ke nan ka gama yanke wa Last of the Summer Wine hukunci. Shirin da BBC ta yi shekara 37 tana nunawa, daga 1973 har 2010, kashi 295, kuma mutum ɗaya, Roy Clarke, shi ya rubuta su kaf. Amma kai a minti biyu ka gano mutanen Ingila ba su san abin da suke kallo ba.

Wai ba abin da ke faruwa a ciki. Eh, gaskiyarka, ba abin da ke faruwa. Ai daɗinsa ke nan! Ba wanda ya zuba wa kishiya guba, ba wanda ya cinye gadon marayu, ba a sace kowa ba. Tsofaffi uku ne da ba su da aikin yi a garin Holmfirth na yankin Yorkshire, gari ya waye sun fito yawo a kan tuddai, su zauna a kan katangar dutse suna musun banza, sai ɗayansu ya kawo wata dabarar da kowa ya san ba za ta yi ba. Kuma ba ta yi ɗin. Su koma gida, wani mako su sake.

Ga Compo, ƙazami na ƙin ƙarawa, da hular ulu da takalman ruwa, ya ƙare rayuwarsa yana bin maƙwabciyarsa Nora Batty, ita kuma kullum tsintsiya ce amsarta, safarta a zazzage har idon sawu. Ga Foggy mai cika baki da labarin yaƙin da ya yi a daji, alhali kofur ne da aikinsa a soja rubuta alluna. Ga Clegg, mai tsoron mata da tuƙin mota, wanda zai tsaya gefe ya jefo magana ɗaya, sai bayan an wuce ka gane ya gama da kowa. Wa ya girma a unguwa bai san mutanen nan uku ba? Je majalisar dattawa bayan La'asar, gindin darbejiya, inda ake buga dara. Akwai mai kuri, akwai mai tsokana, akwai shiru-shirun da ya fi su iya shege.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda muka yarda cewa tsoho a fim aikinsa uku ne: ya yi nasiha, ya tsine wa ɗansa, ko ya kwanta ciwo a nemi kuɗin asibiti. Kamar da zarar furfura ta fito, dariya ta haramta. Alhali mu ne masu wasan jika da kaka, inda tsohuwa za ta kira jikanta mijinta ta ce ya kawo kuɗin cefane. A gida mun san tsoho ɗan wasa ne, sai an kunna kyamara mu ɗaura masa rawani mu ce ya haɗe rai.

Za a ce ai abu ɗaya suke ta maimaitawa. To sai me? Tuwon da kake ci kowane dare sabon labari ne? Za a ce akwai Howard, magidancin da ke laɓe-laɓe da Marina a kan keke yana ɓoye wa matarsa Pearl, wannan ba tarbiyya ba ce. Ka kalla tukuna. Shekara da shekaru bawan Allahn nan bai taɓa cin riba ba, kullum asirinsa a tone yake, kullum shi ne abin dariya. Za a ce al'adar Turawa ce. Ita ƙwallon da kake hana kanka barci a kanta a Kano aka ƙirƙiro ta?

Bari in ajiye gatse. Mutum ya bar aiki, 'ya'ya sun watse, mata ta rasu kamar ta Clegg, me ya rage masa in ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da safe ya ce fito mu je ba? Shirin nan a kan wannan ƙwanƙwasawar yake. Bill Owen da ya fito a Compo ya rasu a 1999, aka binne shi a ƙauyen Upperthong kusa da Holmfirth, aka shigo da ɗansa na cikinsa, Tom Owen, a matsayin ɗan Compo. Peter Sallis, wato Clegg, wanda babu kashi ɗaya cikin 295 ɗin da bai fito ba, ya rasu a 2017, kabarinsa na gefen na abokin nasa. Wannan ne kake ce wa ba labari.

Af, tunda maganar kofur ta zo, ni Samanja Mazan Fama ma na tuna. Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi da ya fito a Samanja. Su Turawa har yau suna sake nuna nasu daga kashin farko, mu kuwa sai 'yan guntaye masu dishi-dishi a YouTube, rabin maganar ba a ji. Ina kaset-kaset ɗin suke ne wai? Don Allah duk mai cikakken kashi ko ɗaya, na Samanja ko na Karkuzu, ya turo min, ni zan biya kuɗin data.